Leda A Cikin Taki

Da zarar an gama kaka, an ɗaure gero an kai rumbu, sai manomin ƙasar Daura ya juya ga wani aiki wanda ba a yi masa kiɗa, alhali kuwa a kansa damina mai zuwa ta dogara, watau kai taki. Tun daga tsakiyar hunturu har ƙarshen bazara, duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Zango, ko ta Sandamu, ko ta Mai'aduwa, zai ga jakuna da mangala, da amalanken shanu, har da tifa ta masu hali, suna fita da shara daga gari ana zubewa tsibi-tsibi cikin gonaki. Al'ada ce tsohuwa, kuma mai kyau ce ƙwarai. Ƙasar Daura jigawa ce, galibinta rairayi, damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba. Gonar da aka hana wa taki ba ta daɗewa take gajiya, ƙuduji ya mamaye ta, mai ita ya yi ta noma yana kwasar takaici.

Amma fa jujin yau ba irin na zamanin kakanni ba ne. In aka tona juji a shekarun 1960, abin da za a tarar bai wuce toka ba, da kashin awaki da na jakuna, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da karmami, da tsumman auduga, da sakaina, da tsingaro. Duk waɗannan, in ban da tsingaro, gara da ruwan sama suna cinye su su koma ƙasa. Wanda ya tona juji yau kuwa, tun bai yi nisa ba zai ci karo da baƙar leda, da ledar ruwan sha, da robar lemo, da tsofaffin silifa, da ƙunzugun jarirai na kanti, da batir, da fasasshen ƙwan lantarki, da kwalbar maganin ƙwari, wani lokaci ma har da allura da sirinji. Haka ake lodawa a kai gona, a biya kuɗi kuma.

Abin ya ƙara girma ne tun daga 2022, sa'ad da takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a duniya duka saboda yaƙin Rasha da Yukuren. Manoma da yawa waɗanda suka saba da buhu suka koma wa juji. Komawar ba laifi ba ce, domin jigawa ta fi bukatar takin gida da na buhu. Abin dubawa shi ne mene ne ke cikin lodin.

Leda Baƙuwa Ce

Leda ba ta daɗe a duniya ba. Daga man fetur da iskar gas ake yin ta. A 1950 duk robar da masana'antun duniya suka yi ba ta wuce tan miliyan 2 ba. A 2019 ta kai tan miliyan 460, kuma cikin wadda aka yar, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake narkawa aka yi wani abu da ita. Saura an binne, ko an ƙone, ko kuwa tana yawo a tudu da kogi da teku. Dattawa suna tune da lokacin da mahauci ke naɗe nama a takarda, yarinya ta je sayen mai da kwalba, ta je awo da ƙwarya. Ruwan leda ma sai a shekarun 1990 ya bazu a ƙasar nan. Yau ko barkonon naira ɗari mutum ya saya, a leda za a ba shi, in ya yi magana a ƙara masa wata.

A gona, leda ba ta ruɓewa. In huɗa ta binne ta, sai ta zama kamar faifai a ƙarƙashin ƙasa: irin da ya faɗa ƙarƙashinta ba ya iya fitowa, saiwar da ta taras da ita sai ta karkace, ruwa kuma ba ya ratsa wurin daidai. Wadda ta tsaya a sama rana tana gasa ta har ta yi rauni ta farfashe, ta zama ɓarɓashi, daga nan ta zama gari wanda ido ba ya gani. Manomi sai ya ɗauka ta ɓace, alhali tana nan, kuma ba mai iya tsince ta har abada. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi a 2021 cewa irin wannan garin roba da ke cikin ƙasar noma yana iya fin wanda ke cikin teku yawa. A ƙasar Sin, inda suka yi shekaru suna shimfiɗa siririyar leda a gonakin auduga don tsare laima, ragowar da ta taru cikin ƙasa ta rage musu amfani, har sai da hukuma ta tilasta a riƙa kwashewa bayan girbi.

Abin Da Mahauta Ke Gani

Ɓarnar da ta fi saurin taɓa aljihu ita ce ta dabbobi. Duk mahaucin da ya daɗe a kwata ya san ta, domin shi ne ke farke tumbi. Da rani ana sakin awaki da tumaki su nemi na kansu, ciyawa ta ƙare, kara ya ƙare, ga leda ko'ina da ƙanshin mai da gishiri da ragowar tuwo a jikinta. Dabba ta haɗiye. Cikinta ba ya iya narkar da ita, ba ta kuma wucewa ta fita. Yau ɗaya, gobe biyu, su naɗe da igiya da tsumma su dunƙule, har su cika wurin da abinci ya kamata ya zauna. Sai a ga tunkiya tana ramewa alhali cikinta a cike, gashinta ya tashi, ta rage tuƙa, kashinta kaɗan-kaɗan. Mai ita ya yi ta ɗura mata maganin tsutsa a banza, wani ma ya ce sammu ne. In mai ciki ce ta yi ɓari, ko ta haihu babu nono. Sa'ad da Muritaniya ta hana leda a 2013, ma'aikatan ƙasar sun ce fiye da kashi 70 cikin 100 na shanu da tumakin da ke mutuwa a babban birninsu, leda ce ke kashe su.

Wannan magana ta shafi fatake da dillalai, musamman masu cin kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, inda dabbobi ke shigowa daga ɓangarorin iyaka duka biyu. Cikar ciki ba ita ce ƙiba ba. A duba baya da cinya da gindin wutsiya, sa'an nan a danna kwiɓin hagu, inda tumbi yake. Na lafiyayyar dabba yana lotsawa kamar ƙullu ya dawo. In aka ji abu mai tauri ya dunƙule, ga kuma rama, to a yi hattara. Ba kullum ake ganewa da hannu ba, amma wanda ya saba yana tsira daga asara da yawa. Likitan dabbobi yana iya yin aiki ya fitar da ledar. Ga saniya ko ragon layya aikin yana biyan kansa, ga 'yar akuya kuwa da wuya. Wanda ke turke dabbobinsa da rani, yana ba su harawa da dusa, yana kuma ajiye musu kanwa ko gishirin lasa, ya rage wannan haɗari ƙwarai, don sau da yawa ƙwaɗayin gishiri ne ke sa dabba cin abin da ba abinci ba.

Waɗansu manoma, da suka ga leda ta yi yawa a taki, sai su tara ta da sharar gona su cinna wuta. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Hayaƙin roba yana ɗauke da guba mai shiga ƙirji, tana kuma sauka a kan ƙasa da ganye, kaji su tsattsaga, ta taru a cikin ƙwai da kitse. Haka kuma matan da ke hura wuta da leda in itace ya jiƙe, da jariri a goye, ya kamata maigida ya hana, ya kuma tanadi kara busasshe don damina.

Dalma

Leda ido yana ganinta. Akwai abin da ya fi ta mugunta wanda ba a gani, shi ne dalma. Batirin mota da na babur da na hasken rana cike suke da ita, kuma batirin hasken rana ya yawaita yanzu har a ƙauyuka. In ya mutu, wani sai ya fasa shi a tsakar gida, ya zubar da ruwan, ya narka dalmar ya sayar, ƙurar kuwa ta bi shara ta tafi juji. Dalma ba ta ruɓewa, ruwa ba ya wanke ta daga ƙasa sai kaɗan. Saniyar da ta lashi fasasshen batir tana iya makancewa ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ga yara ƙanana kuwa, masu rarrafe suna kai hannu baka, tana daƙushe ƙwaƙwalwa, ba a kuma gyarawa.

Ba sai an je Turai neman misali ba. A 2010 aka gane cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, dutsen kuwa ashe da dalma a cikinsa. Yara sama da 400 suka rasu. Kafin likitocin ƙungiyar MSF su iya yi wa saura magani mai ɗorewa, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka kwashe aka binne, aka kawo sabuwa aka zuba. Garin Bagega bai samu nasa aikin ba sai 2013. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a yankin Rafi ta Jihar Neja. Ƙasar Daura ba ta haƙar zinariya irin ta Anka, amma dalmar batir da dalmar dutse duk uwarsu ɗaya. In ana iya kankare tsakar gida, wa zai kankare gona mai eka biyar?

Ƙwan lantarki mai farin haske irin na da, mai murɗaɗɗen gilashi, shi kuma akwai zaiba a cikinsa. Shi ma ba na juji ba ne.

Abin Da Duniya Ta Yi, Da Wanda Ya Gagare Ta

Wannan damuwa ba ta Daura kaɗai ba ce. Wani taron masana da mujallar likitoci ta Lancet ta Ingila ta haɗa ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 9 suka mutu saboda ƙazantar iska da ruwa da guba, watau ɗaya cikin kowane mutum shida da suka rasu a shekarar. Mafi yawansu hayaƙi ne ya kashe su, na masana'antu da na motoci da na murhu.

Akwai inda aka yi nasara. Tun shekarun 1920 ake zuba dalma a man fetur don inji ya yi laushi, duk motar da ta wuce tana fesa ta a bakin hanya. Aka yi ta fama da kamfanoni shekara da shekaru. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Dalilin nasarar a fili yake: matatun mai ƙidayayyu ne, ana iya binsu ɗaya-ɗaya, ga kuma wani abu da za a zuba a madadin dalmar. Haka aka yi da iskar firji mai huda rufin sama da ke tare zafin rana, bayan yarjejeniyar Montiriyal ta 1987.

Nijeriya ma ta sha nata darasi. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Gwamnati ta tsaya kai da fata sai da aka kwashe aka mayar, ta kuma kafa hukumar kare muhalli a shekarar. Bayan wannan aka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, suka hana a mai da nahiyar juji.

Leda kuwa ta gagara. A watan Maris na 2022 wakilan ƙasashe 175 suka taru a Nairobi suka amince a rubuta yarjejeniya a kan roba. Aka zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka sake zama a Janeba a watan Agusta na 2025 aka watse hannu rabbana. Ƙasashe da yawa suna so a rage yin robar tun daga masana'anta, manyan masu arzikin mai kuwa suka ce a tsaya ga kwashe shara kawai. Waɗansu ƙasashe ba su jira kowa ba. Ruwanda ta hana leda a 2008, ta kuma tsare dokar har a filin jirgi. Kenya ta bi a 2017 da hukuncin ɗauri har shekara huɗu. Jamhuriyar Nijar ta yi tata doka a 2014, amma wanda ya ƙetare Kwangwalam ya nufi Matamaye zai ga leda tana rataye a ƙaya kamar yadda take a wannan gefe. Doka a takarda daban, doka a kasuwa daban. A Nijeriya Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hana leda a 2019, bai kai ga zama doka ba. Jihar Legas ta hana farin mazubin abinci mai kama da soso a watan Janairu na 2024.

Bambancin leda da dalmar fetur shi ne, leda tana hannun kowa, tana da arha, kuma mai koko da mai tsire ba su da abin da ya kai ta sauƙi. Saboda haka manomin Baure ko na Zango da ya ce zai jira a gama shawara a Janeba, gonarsa za ta daɗe tana jira.

Ba Kowace Leda Ce Abokiyar Gaba Ba

Gaskiya ta sa a faɗi wannan kuma. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an yi ta samun maganin ƙwari a cikinsa, irin wanda ake kira fiya-fiya, fiye da ƙima nesa ba kusa ba. A 2016 aka ƙara wa'adin da shekara uku. Waken da Turawa suka ƙi, mutanen ƙasa ne suka cinye shi. Alhali kuwa akwai hanyar ajiye wake ba tare da ko ɗigon magani ba, kuma da leda ake yi: buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masanan Afirka ta Yamma, aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwarin da ke ciki iska ta ƙare musu su mutu. In an kiyaye shi daga ɓera da ƙaya, buhu ɗaya yana yin shekara biyu ko uku. Ledar da ke yin aiki shekara uku ba ɗaya take da wadda ake amfani da ita minti biyar a yar ba.

Kwalbar magani kuma, in ta ƙare, a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin injin feshi, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko nono a ciki. Masu noman rani a bakin madatsun ruwa na Sabke da Daberam kada su wanke injin feshi a cikin ruwan, don dabbobi suna sha, masunta suna kamun kifi a ciki. Rairayi kuma ba ya riƙe abu, abin da aka zubar kusa da rijiya ba ya daɗewa yake isa gare ta. Mutanen Daura ba sa bukatar a koya musu darajar rijiya, tarihin garin ma daga bakin Kusugu ake fara ba da shi.

Aikin Da Ke Hannun Manomi

Wuri mafi sauƙi na raba leda da taki shi ne tsakar gida, tun ba su haɗu ba. A yi juji biyu. Ɗaya na toka da kashin dabbobi da ƙaiƙayi da duk abin da ke ruɓewa, a rami in da hali, ana ɗan watsa masa ruwan wanke-wanke don ya nuna. Ɗaya kuwa tsohon buhu ne a rataye, na leda da roba da kwalba. Da yake mata da yara ne ke shara, sai maigida ya zauna ya yi musu bayani, kada ya tsaya ga ba da umarni daga zaure. Akawu da malamai da 'yan kasuwa na cikin gari su ma abin ya shafe su, don sharar gidajensu ce ke fita, geron da ta haifa kuma shi ne ke dawo musu a kwano.

Roba mai kauri, kamar fasasshen bokiti da jarka da silifa, 'yan jari-bola suna saye su kai Kano a narka. Mataccen batir a sayar da shi a rufe yadda yake ga masu sayensa, kada a fasa, kada a bar shi inda yara ko maraƙi za su kai. Siririyar baƙar leda ita ce ba ta da mai saye. Abin da ya fi dama-dama shi ne a danne ta cikin rami mai zurfi nesa da rijiya da gona, a rufe da ƙasa. Dagatai da masu unguwa suna iya keɓe wuri ɗaya don wannan, sarkin kasuwa kuma ya sa a tsince filin kasuwa washegarin ci, tun iska da awaki ba su riga mutane ba.

Wanda ke sayen shara daga gari kuwa, ya duba kafin ya biya. Ya sa cebur ya tona tsakiyar lodin, kada ya tsaya ga abin da aka shafa a sama. Sharar da aka kwaso kusa da asibiti, ko garejin makanikai, ko wurin masu gyaran batir, ko kyauta aka ba shi kada ya karɓa. Saura in an sauke, a tankaɗe ta tun tana tsibi, kafin a baza. Ragar waya mai faɗin ido kamar na yatsa biyu, a kafa ta da katako a jingine, mutum biyu da cebur suna iya gama lodin amalanke kafin rana ta yi zafi. A sa takalmi, a ɗaure hanci, kada a sa yara aikin da hannu saboda allura da gilashi. Abin da ya rage a kan raga a zuba a buhu a fitar da shi daga gonar a ranar. In aka bar shi a kan iyaka, iskar farkon damina za ta mayar da shi inda aka tsince shi, ko ta kai wa maƙwabci, a zo ana shari'a gaban dagaci a kan tunkiya.